Cibiyar Dada

Ranar da ma'aikatan hanya suka shafa jan fenti a bangon gidansu Sauda a Ƙofar Wambai, kowa ya yi kuka ban da kakarta, Dada. Ita cewa ta yi wanda ya shafa ya dawo ya goge. A gidan aka haife ta, a gidan aka yi mata auren zumunci, daga wannan ɗaki aka kai ta wancan. Duk duniyarta ke nan, kuma ba ta taɓa jin ta yi mata kaɗan ba.

Mansir, mahaifin Sauda, ya samo musu haya a Yelwa, ɗaki biyu. Ya durƙusa gaban uwarsa ya lallashe ta, ya haɗa ta da Allah da Annabi, ya ce katafila ba ta san tsohuwa ba. Dada ta juya masa ƙeya.

"Ku tafi abinku. Ni ba na barin inda aka binne cibiyata."

Manya sun san magana ce kawai irin ta tsofaffi. Sauda kuwa, 'yar aji uku, ta ɗauke ta yadda ta ji ta. A ganinta ashe matsalar ba ta taka kara ta karya ba: in cibiya ce ta riƙe Dada, sai a tono ta a tafi da ita. Tsoronta ɗaya, kada a rushe gidan da kakarta a ciki.

Da safe, ana ta ɗaure kaya, ta ɗauki tsohuwar fartanya ta zaga bayan ɗakin Dada ta hau tono. Ta ci karo da katangar tukunya, da ƙarfen fitila, da wani ɗan kunne mai tsatsa. Cibiya dai shiru. Har azahar tana nan, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Nan Dada ta same ta da za ta yi alwala. Da ta ji abin da ake nema, ta yi dariya har ta dafa bango, daga baya dariyar ta koma kuka. Ta gaya mata ai ƙasa ta cinye wannan abu tun ba a haifi Mansir ba.

Sauda ta dubi ramin ta ce, "To ai ƙasar ce cibiyar ke nan, Dada."

Ta cika gwangwanin madara da ƙasar, ta rufe. Dada ta kama hannuwan yarinyar ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce a ɗaure mata tabarmarta.

Yelwa ba ta karɓi Dada ba. Tsakar gidan hayar siminti ne daga bango zuwa bango, ba inda za a zuba ƙasa, sai aka tura gwangwanin ƙarƙashin gado. Ɗaliban da ke sauran ɗakunan suna gaishe ta da ladabi, amma ba wanda ya san sunan mijinta ko na ubanta. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Sauda kan fito da gwangwanin ta buɗe mata, ita kuma ta shanshana ta ce a mayar. Kullum yarinyar tana jin zafin abin a ranta, don ita ta kawo kakarta nan. Kafin damina ta tsaya, Dada ta rasu.

Da za a fita da gawar, Sauda ta miƙa wa mahaifinta gwangwanin, ta roƙe shi ya zuba mata a kabari. Mansir ya karɓa, ya bi bayan makara.

Bayan maza sun tafi, ta raɓa jikin mahaifiyarta, Maimuna, ta tambaye ta ita tata cibiyar ina take. Maimuna ta share ido ta ce a bayan ɗakin Dada ake binne ta kowa a gidan, ta Mansir, da ta ƙannensa, da ta Sauda, duk a wuri ɗaya. Yanzu kwalta ta bi ta kansu.

"Abin da ya rage mana shi ne wanda kika ɗebo," in ji ta.

Sauda ta tashi da gudu ta leƙa ƙofar gida. Masu makara sun riga sun sha kwana.