Jinin Baba Tela

Babu abin da ke naɗewa a ɗakin binciken nan sai da sanin Farfesa. Shi da bakinsa ya faɗa wa baƙin da suka zo duba aikin, su kuma suka gyaɗa kai.

Ɗalibarsa tana tsaye bayan bokitin ƙanƙara, hannayenta cikin safar roba. A cikin ƙanƙarar akwai 'yar kwalba guda tak, ɗauke da zaren RNA, wato zaren halittar ƙwayar cutar da ta kashe wa Baba Tela, tsohon maɗinkin unguwarsu, ƙafafu. Daga jininsa aka tato shi. Zaren nan, in ya naɗe ta wata siga, ƙwayar ta kwanta luf. In ya naɗe ta wata, ta shiga hayayyafa. Naɗin take son gani. Ranar ɗibar jinin, jijiyar tsohon ta ɓuya, aka yi ta sukarsa har hannun ya yi baƙi. Ta rantse masa daga wannan an gama.

Shi RNA ba ya shiri da mutane. Gumin yatsa ko feshin yawu ya isa ya daddatsa shi.

"Miƙo nan, 'yata, su gani da idonsu," in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, safar hannu..."

"Ina wannan aikin tun ba a kai uwarki ɗaki ba."

Baƙi suka yi dariya. Ya ɓalle murfin da farce, ya riƙe kwalbar daidai haɓarsa, ya shiga bayani kan muhimmancin tsabta. Farfesa mutum ne da in yana jawabi, na sahun gaba kan goge tabarau. Ita dai bakin kwalbar take kallo. Bai rufe ba sai da aka tafa.

Washegari, inda ya kamata layuka su fito rangaɗau a allon kwamfuta, sai ga dabbare-dabbare kamar an shafe da jiƙaƙƙen tsumma. Farfesa ya leƙo.

"Hannunki bai faɗa ba tukuna. A sake. Kuma ki riƙa kula da tsabta."

Ta tarar da Baba Tela a shago, yana juya keken ɗinki da hannu, tunda ƙafa ta daina takawa.

"'Yar boko! An kama mai laifin?"

Ta ajiye jakar allura a kan benci, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ya dubi jakar, ya dube ta. Ya ajiye almakashi. Ya daɗe yana kallon hannayensa biyu, sannan ya zaɓi wanda ba ya juya keken da shi, ya fara naɗe hannun riga.