Ɗaki a Kan Taya Huɗu

Shekarar da ruwa ya rushe gidansu na gado a unguwar Liman Abaji da ke Keffi, Ɗayyabu mai walda yana zaune ne da matarsa Mu'mina da 'yarsu Raihana mai shekara shida. Gidan na ƙasa ne, tun ginin kakansa. Ruwa ya yi kwana biyu yana zuba, a rana ta uku katangar gabas ta zauna, ta ja ɗakuna biyu suka bi ta. Ba a rasa rai ba. Magada suka taru suka ce babu mai ƙarfin sake gini, aka sayar da filin, kowa ya kama gabansa.

Sati uku Ɗayyabu ya yi yana yawon neman ɗaki a Keffi. Ɗalibai da ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja sun cinye duk wani ɗaki mai ƙofa. Wanda ya rage, ko dai ya fi ƙarfinsa, ko kuwa ba ya kwanuwa. Mu'mina da yarinyar suna raɓe a ɗakin yayarta Huraira a Tudun Ƙofa, shi kuwa yana kwana a kan benci a garejin Baba Dabo, tsohon bakaniken da ya ba shi gefe guda yake aikinsa na walda.

A ƙarshen garejin, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, akwai wata tsohuwar bas mai kujera goma sha takwas. Injinta ya daɗe da mutuwa, mai ita ma ya manta da ita, har kaji sun mai da ita wurin yin ƙwai. Wata rana da hantsi Ɗayyabu ya buɗe ƙofarta ya shiga, ya tsaya a sunkuye yana auna tsawonta da tafin hannu. Baba Dabo ya tsaya daga waje yana kallonsa.

"Ɗayyabu, me kake aunawa a cikin gawar mota?"

"Baba, in ka ba ni ita, ɗaki zan yi."

"Ɗaki? Ka sa 'yar mutane a cikin bas?"

"Ta fi ɗakin da na gani jiya girma. Kuma ita ruwa ba ya rushe ta."

Tsohon ya girgiza kai, ya ce ya ɗauka, tun da dai ba ta tsinana masa komai.

Ɗayyabu mutum ne mai hannu. Ya kwance kujerun duka, ya kankare tsatsa, ya toshe ramukan ƙasa da ƙarfe. Ya jera katako ya shimfiɗa ledar ɗaki mai ruwan ƙasa a kai. A baya ya haɗa gado na ƙarfe mai lanƙwashewa, da rana a ɗaga shi ya jingina da bango, ƙarƙashinsa kuwa akwatunan kaya ne. Ya yi wa Raihana nata ɗan gadon a inda kujerar direba take a da. Tayoyin ya ɗora su a kan bulo, ya yi matakala biyu a bakin ƙofa.

Da Mu'mina ta zo gani, ta shafa ledar da ƙafa, ta buɗe akwati ta rufe, ta leƙa ta taga tana duban tarin ƙarafan garejin.

"Baban Raihana, mutane za su yi da mu."

"Su yi. Kafin rani na samu ɗaki. Wannan ta wucin gadi ce."

Raihana kuwa tuni ta haye gadonta ta kama sitiyari, tana kiran fasinjan Akwanga.

Rani ya zo bai samu ɗaki ba, sai ya ci gaba da gyara. Zafi ne ya fara koya musu hankali. Da azahar motar kan zama kamar tanda, ko a ƙarƙashin mangwaron. Ya sayo soso ya manna a rufi da bango, ya rufe da siririn katako. Ya ɗora farantin sola a sama, ya jawo waya zuwa batir, ya kafa fanka biyu da ƙwan lantarki ɗaya da wurin cajin waya. Sauro ya dame su, ya yi wa kowace taga raga. Ya ɗaura tankin ruwa a kan ƙafar ƙarfe a bayan motar, ya shigo da tiyo zuwa wani ɗan famfo da kwanon wanke-wanke. Kusa da ƙofa ya yi kantar girki ya ɗora ƙaramar tukunyar gas, ya kewaye ta da ƙarfe don kada ta faɗi. Abu na ƙarshe, ya yanka rufin ya yi taga mai murfi daidai saman kantar, iska tana fita ta nan, turirin girki ma yana fita.

Har ta kai mutane suna tsayawa kallo. Vera, wata mata 'yar Eggon mai sayar da shinkafa da wake a bakin garejin, ta shaƙu da Mu'mina. Takan shigo ta zauna a gaban fanka ta ce, "Oga Ɗayyabu, wannan ai ta fi ɗakina. Mu wuta sai sati-sati, ku kullum." Mu'mina ta ɗinka labule masu furanni, ta rataya madubi. Ta daina sunkuyar da kai in an tambaye ta inda suke zaune.

Da damina ta sake kamawa, sai tagar rufin ta fara yoyo. Ya sa roba, ya sa gam, ya sake murfi, duk da haka in iska ta kaɗo ruwan sai ya sami hanya. Yana gangarowa ta cikin soso ya ɗiga a kan gadon Raihana. Yarinyar ta kama tari mai tsanani, ta yi kwana tara ba ta je makaranta ba, in tana numfashi ana jin ƙirjinta yana kuka. Ranar da suka dawo daga asibiti Ɗayyabu bai ko zauna ba. Ya jawo injin walda, ya hau saman motar da faifan ƙarfe, ya liƙe tagar ruf. Ya sauko ya bi ƙofofi da tagogi da sabuwar roba, ya toshe duk wata kafa da zai iya zura tsinke a ciki. Daga baya ya sa Mu'mina ta shiga, ya rufe, ya riƙa watsa wa motar ruwa da bokiti.

"Ya shigo?"

"Ko ɗigo," ta ce daga ciki, muryarta ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya.

Ya ji daɗi ƙwarai. Tarin Raihana ya warke.

Ranar wata Laraba a watan Agusta aka kira shi aikin ƙofar gida a Agwada. Da safen gas ya ƙare, shayi ma da ƙyar ya tafasa. Ya kwance tukunyar ya ɗaura a bayan babur, ya ce zai cika ta in yana dawowa.

"To me zan dafa wa yarinyar nan da rana?"

"Ki ari murhun gawayi wurin Vera. Kafin la'asar na dawo."

Bai daɗe da fita ba hadari ya haɗu. Ruwa ya tsuge tun hantsi, mai ƙarfi, da iska da sanyi. Masu aikin gareji suka tattara suka shige rumfa, Vera ta rufe tukwanenta da leda. Ta ga lokacin da Mu'mina ta fito a guje ta sure murhun da ta hura a gindin mangwaro, ta shige da shi cikin motar, ta turo ƙofa. Ba ta ga komai a cikin wannan ba. Ita ma da tana da inda za ta shige da nata, da ta shige.

Ruwan bai tsagaita ba sai bayan azahar. Vera ta zuba wake a kwano ta nufi motar, don Raihana tana son wakenta. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta kira, "Maman Raihana! Maman Raihana!" Shiru. Gilasan duk sun yi raɓa ta ciki, labule a sauke. Ta zagaya gaba ta goge gilashin da gefen zaninta, ta kafa ido. Ta hangi yarinyar a kwance a gadonta kamar mai barci, ta hangi ƙafar Mu'mina a ƙasa, takalmi ɗaya a cire. Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

Ƙofar a kulle take ta ciki, sakatar da Ɗayyabu ya haɗa da hannunsa ce, mai ƙwari. Sai da Baba Dabo ya sa ƙarfen taya ya fasa gilashi. Wani zafi ya bugo su, ba hayaƙi, ba wari, sai ƙaurin shinkafar da ta ƙone a tukunya. Gawayin ya cinye ya zama farin toka. Aka fito da su aka sa a keke napep, Vera tana rungume da yarinyar tana kiran sunanta har suka isa asibiti.

Ɗayyabu yana tsaye a layin masu sayen gas Baba Dabo ya kira shi.

"Kana ina?"

"Ga ni a gari, Baba, gas nake saye."

"Bar shi. Ka zo asibiti yanzu."

"Lafiya?"

"Ka zo dai, Ɗayyabu."

Da ya isa, an riga an lulluɓe Raihana. Ya yaye zanin ya duba fuskarta. Ba rauni, ba alamar wahala, leɓenta ma ja ne kamar ta sha zoɓo. Ya riƙa taɓa kumatunta yana cewa, "Ai barci take yi. Ku duba, barci take yi." Likitan ya ja shi gefe ya yi masa bayani a hankali. Ya ce gawayi yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, in wuri a rufe yake sai ta taru, mutum ya ji kasala da ciwon kai, ya kwanta, shi ke nan. Ya tambaye shi ko ɗakin ba shi da taga ko wata kafa.

"Akwai," Ɗayyabu ya ce. "Na liƙe."

Aka yi jana'iza kafin magariba, ƙasa jiƙe sharkaf, masu haƙa suna kwashe laka da hannu. Mutane suka yi masa gaisuwa, suna cewa kwananta ne ya ƙare, yana amsawa da "Allah ya ba da lada", bai san ma waɗanda ke maganar ba.

Mu'mina ta yi kwana huɗu ba ta san inda take ba. A rana ta biyar ta buɗe ido. Ta gane shi, ta gane yayarta Huraira, ta nemi ruwa. Sannan ta ce, "Ina Raihana? Ta ci abinci?"

Huraira ta fita da gudu. Shi ya zauna a bakin gadon ya riƙe hannunta ya gaya mata. Ta yi kuka har sai da aka yi mata allura. Washegari da safe ya shigo da kunu, ta dube shi ta ce, "Baban Raihana, ka bar yarinyar nan wurin wa?"

Likita ya ce iskar ta taɓa ƙwaƙwalwarta. Abin da ya wuce da daɗewa tana riƙe da shi, sabon abu ne ba ya zama. Wataƙila ta samu sauƙi, wataƙila a haka za ta tsaya. Sau shida Ɗayyabu yana gaya mata, sau shida tana jin labarin sabo fil, tana kuka irin na ranar farko. A na bakwai Huraira ta tare shi a bakin ƙofa.

"Don Allah ka bari haka. Kullum kashe ta kake yi."

"Yaya, ƙarya zan yi mata?"

"Ka ce tana makaranta. Kafin a tashi ta manta ta tambaya."

Aka sallame ta zuwa ɗakin Huraira a Tudun Ƙofa. Hannunta na dama yana rawa, ba ta iya riƙe ludayi, ba a barinta kusa da wuta. Ɗayyabu bai sake shiga motar ba. Vera ce ta kwaso kayansu ta ƙulla a zani, Baba Dabo ya sa aka ja motar aka kai wa masu sayen ƙarafa a kan hanyar Akwanga. Ranar da aka zo janta Ɗayyabu ya bar garejin tun safe, bai dawo ba sai da ya tabbata an tafi da ita.

Yana aikinsa har yanzu, sai dai ya rage magana, ya rame, kuma ba ya karɓar aikin taga ko ƙofa, sai gyaran baro da salansar mota. Kullum bayan la'asar yakan wanke hannu ya tafi Tudun Ƙofa da lemo ko ayaba a leda. Yakan same ta zaune a tabarma a tsakar gida, an yi mata kitso, tana kallon ƙofa. Takan yi murna da ganinsa, ta matsa masa ya zauna, ta tambaye shi aiki.

Ranar wata Asabar da ya je, ta karɓi ledar ta ware ayaba biyu ta ɓoye a ƙarƙashin zaninta.

"Na Raihana ne," ta ce. "Har yanzu ba su taso ba?"

Huraira tana tankaɗe a gefe, ta tsaya cak, ba ta ɗago kai ba.

"Ba su taso ba," in ji shi.

"Yau sun daɗe."

"Sun daɗe."

Ta gyaɗa kai, ta ɓare lemo da hannun hagu, a hankali, ta miƙa masa rabi. Ya karɓa ya riƙe. Bai iya sha ba, bai kuma ajiye ba, har aka kira sallar magariba ya tashi ya yi musu sallama.