Rigar da Ke Ƙarƙashin Gado

Ranar da labari ya zo cewa an tare motar su Babakura a hanyar Baga, kuma ba wanda ya tsira, matarsa Zainaba wanki take yi. Babbar rigarsa shuɗiya ce ma a hannunta, ko matse ta ba ta gama ba. Ta san halin dangin mijinta: kafin sadakar uku, yayansa Kashim zai kwashe tufafin mamaci ya rabar. Tana kuka ta dunƙule rigar da ruwanta, ta cusa a buhu, ta tura ƙarƙashin gadon da take kwana da 'yarta Mu'mina.

Kashim ya zo ya raba komai, har hular da ɓera ya ci rabinta.

"Ina shuɗiyar?"

"Da ita ya tafi," in ji Zainaba, ta kau da kai.

Damina ta kankama a unguwarsu ta Umarari, ɗaki ya fara wani irin wari. Zainaba ta shaƙa, ta ce a ranta ƙamshin maigida ne bai bar gidan ba. Sai ta rufe taga don kada ya fita.

Mu'mina ta fara tari, daga nan ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar usur. Aka ba ta zuma, aka tofa mata addu'a. Zainaba ta ƙara turaren wuta har kajin maƙwabta suka daina leƙowa. Abin sai gaba yake. A asibiti aka ba da magani, aka ce a duba ɗaki ko wani abu ya yi fumfuna, don tana tsananta wa yara tarin. Zainaba ta yi kamar ba da ita ake ba.

Maƙwabciyarta Ketura, wadda ta raka ta asibitin, ta biyo ta har ɗaki tana buɗa hanci.

"Maman Mu'mina, me ya mutu a ƙarƙashin..." Ta kama bakinta. "Yi haƙuri. Amma warin me ne wannan?"

"Ƙamshin babanta ne."

"Babakura? Mai sayar da banda? Mutumin da in ya shigo layi kyanwoyi ke rako shi? Wannan warin tsohuwar rijiya ne!"

Ta durƙusa ta jawo buhun. Rigar ta yi kore, ta yi baƙi, ta tsiro wani gashi-gashi har wuya.

"Allah sarki," in ji Ketura. "Ta fi mai ita gashi."

Babakura kuwa sanƙo gare shi tun yana saurayi. Dariya ta kufce wa Zainaba, ta farko tun rasuwar, sai ta juye ta zama kuka. Ta rungume buhun ta ce ba inda za shi, ita ce kaɗai ta rage mata.

Sai Mu'mina ta kama tari daga bakin ƙofa, har ta duƙa tana neman numfashi. Zainaba ta dube ta. Ta miƙa wa Ketura buhun.

"Fitar da ita."

Sun gwada wanke ta da ruwan zafi, ta yayyage a hannunsu, suka ƙone ta a bayan gida. Aka buɗe taga, aka shanya katifa. Sannu a hankali usur ɗin ya yi shiru.

Har yau kowace safiya sai Zainaba ta kama yarinyar ta ɗora kunne a bayanta.

"Ja numfashi."

"Mama, ni fa ba rediyo ba ce."

"Ja dai."