Hukuncin Hajaratu a Kan Fursuna

Shekara guda cur ke nan kowace Asabar Hajaratu na rufe shagonta na atamfa a Kasuwar Jalingo da azahar, ta hau keke zuwa Nukkai, gidan ƙawarta Zakiyya. Wai wasa za su yi. Manyan mata fa! Wasan kuwa Zakiyya ce ta tsinto shi a waya. Ita ce mai ba da labari, sauran kuma kowacce ta ƙirƙiri jarumarta a takarda, ta faɗi abin da jarumar za ta yi, a jefa ɗan lido a faranti ya nuna ko ta dace. Doka ɗaya ce ba a takawa, kuma Hajaratu ce ta kafa ta da bakinta: in ɗan lido ya tsaya, magana ta ƙare, ba a sake jifa.

Jarumar Hajaratu maharbiya ce mai suna Bushra. Ranar farko ta rubuta mata tarihi, wai mahara sun sace ƙanenta tun yana ƙarami, mai cindo a hannun hagu, shi take yawon nema. Ta rubuta, aka yi dariya, ta manta.

Da su uku ne da Fadila, ƙanwar Zakiyya, lafiya lau. Sai ga Judith, sabuwar malama a makarantar da Zakiyya ke koyarwa. Ita ma aka ba ta takarda, ta zama mai magani. A makon da ta shigo suka kama wani mahari a cikin labarin, suka ɗaure shi a kogon dutse. Ya ƙi faɗin sunansa, hannunsa guda naɗe da tsumma wai rauni ne.

To, daga nan Asabar ta lalace wa Hajaratu. Zakiyya ce ke yin muryar fursunan, ta kumbura wuya ta yi magana kamar ƙato. Judith kuwa kullum jarumarta na bakin kogo, ta kai masa fura, ta tambaye shi garinsu. Su yi ta hira, su yi ta dariya, Hajaratu na zaune da ɗan lido a hannu har ya yi gumi. Sau biyu ta shigo gidan ta tarar da su kai a haɗe a kan littafin labarin, suna ganinta suka rufe. Zakiyyar da suka raba biro ɗaya tun firamare, yau ita ke rufe mata littafi! Kishi ne, kishi tsagwaronsa, kuma ya hana ta jin daɗin ko da zoɓon da ake ba ta.

Asabar ta takwas da kama shi Zakiyya ta ce tafiya ta kama jaruman, sai a san yadda za a yi da fursuna.

Fadila ta ce a kai shi gaban alƙalin birni.

Judith ta ce, "A sake shi mana. Mutumin nan ya tuba, ni na ji shi."

"Kin ji shi!" in ji Hajaratu. "Ya ƙone ƙauye ko bai ƙone ba? Waɗanda ya kashe, wa ya kai musu fura? Adalci ake so ko hira?"

Maganar ta yi kyau a baki, har Fadila ta gyaɗa kai. Amma ina ruwan Hajaratu da wani ƙauyen takarda? So take a rufe kogon nan, ƙawarta ta dawo.

Ta ce, "Yau ni ke gadi. Bushra ta ɗana kibiya."

Zakiyya ta ajiye biro. "Hajjo, kin tabbata? Ko tambaya ɗaya ba za ki yi masa ba? Wata biyu ba ki taɓa ce masa uffan ba."

Judith ta riƙe mata hannu. "Anti Hajara, don Allah ki duba shi tukuna."

Da ma ba ta taɓa ta ba. Hajaratu ta ga yadda su biyun suka kalli juna, ta fizge hannunta ta jefa. Ɗan lido ya zagaya faranti ya tsaya a shida.

Can Zakiyya ta ci gaba da labari, da muryarta ta gaskiya, ba ta ƙato ba.

"Kibiya ta same shi a ƙirji. Ya miƙo miki hannu, tsumman ya warware. Babu wani rauni. Yatsu shida ne. Ya ce, 'Yaya Bushra, tun ranar farko na gane ki. Kunyar abin da na zama ce ta hana ni magana.'"

Hajaratu ta dubi takardarta. Ga shi nan da rubutun hannunta, layi na uku.

Zakiyya ta kama shafukan littafin ta yage su, sun fi goma, ta ajiye mata a cinya. "Naki ne, ba su da amfani yanzu. Wata biyu muna shirya miki. Judith ce ta karanta takardarki ta ce ashe ba a taɓa nemo miki ƙanen nan ba. Kullum jan hirar take ko za ki matso."

"A sake jifa," in ji Hajaratu. "Zakiyya, sau ɗaya."

"Ke kika kafa dokar, Hajjo."

Hajaratu ta so a ce Judith ta harare ta, ko ta yi mata dariya, wallahi da ya fi mata sauƙi. Sai Judith ta ɗauko ɗan lidon, ta goge shi da gefen zanenta, ta sa mata a tafin hannu.

"Sannu, Anti," ta ce. "Mai maganina za ta taya ki binne shi."