Ƙafa ta Uku ta Hagu

Shekara uku Auta da yayanta suka yi suna aiki a ɗakin bincike ɗaya, a hawa na biyu. Ita ta karanci ƙwari, shi injiniya ne. Burinsu su ji yadda tsokar ƙafar gizo-gizo ke aiki yana yawonsa. A da sai an ɗaure shi da doguwar waya kamar akuya a turke, ga shi kuma ɗaurarre ba ya tafiyar gaskiya.

Yaya ne ya ƙera 'yar na'urar da za ta aiko da saƙo ta iska, girmanta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kafin na'urar ta fara aiki aka ba shi matsayi a wata ƙasa mai nisa, ya kwashi iyalinsa ya tafi. Auta ta ci gaba ita kaɗai, yau batir ya mutu, gobe gam ya saki.

Wata safiya ta manna na'urar a bayan wani ƙaton gizo-gizo, ta soka zare biyu na ƙarfe, sirara kamar gashi, a tsokar ƙafarsa, ta sake shi a akwatin gilashi. Ya yi lamo. Can ya ɗaga ƙafa, sai lasifikar kwamfuta ta ce ƙas-ƙas-ƙas, layuka suka kama tsalle a allo.

"Yaya, ka ji!" in ji ta, ta waiwaya. Kwalaye ne jibge a kan kujerarsa.

Ta kira shi a waya sau uku bai ɗauka ba. Sai bayan awa biyu ya kira, ana jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Auta, lafiya? Mama ce?"

"Mama lafiya lau. Yi shiru ka saurara."

Ta kara wayar a lasifika. Gizo-gizon ya bi bangon gilashi da gudu. Ta mayar da wayar kunne.

"Wace ƙafa ce?" ya ce a hankali.

"Ta uku ta hagu."

"Ja'ira. Ashe dai jira kike in ba ki wuri."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Yaushe za ka zo ka gani?"

"In an yi wa yara hutu, in Allah ya so."

Haka ya ce bara ma. Ba ta tuna masa ba.

"To ki cire masa kayan kada ya gaji," ya ce. "Ki jiƙa gam ɗin tukuna, kada ki ja da ƙarfi."

Ta yi wannan aikin ya fi sau ɗari. Amma ta ajiye wayar kusa da madubin ƙara girma, ta ɗauki hantsaki.

"Na jiƙa, Yaya. Sai me kuma?"

Ya gyara murya, ya fara yi mata bayani dalla-dalla.