Shekarar Da Aka Rufe Makarantar Kurkivaara

Inkeri ta iso ƙauyenmu lokacin haƙar dankali, cikin wata tsohuwar jar mota cike da akwatuna. A gidana ta sauka, don tun rasuwar mijina ɗakin sama ya zama ba kowa. Daga jami'a aka turo ta. Ta ce bincike take yi a kan yaran karkara: yadda suke tasowa, yadda gidajensu suke, da yadda suke koyon karatu a 'yar makarantar da ɗan aji ɗaya da ɗan aji uku ke zama ɗaki guda.

Ita bincike ta zo yi, mu kuwa mai ceto muka ɗauke ta. A shekarar nan ƙaramar hukuma ta riga ta ja mana kunne cewa duk makarantar da ɗalibanta suka gaza ashirin za a rufe ta, a riƙa kwasar yaran zuwa gari. Namu ashirin da ɗaya ne. Saboda haka kowa ya sa rai idan jami'a ta rubuta cewa yaranmu na da kyau, ba mai iya taɓa mu. Mata suka yi ta kawo mata burodi da ƙyafaffen kifi har ta rasa wurin ajiyewa.

Tapani, malamin da ya riƙe makarantar tun 'ya'yana suna ƙanana, shi ya fi kowa zolayarta.

"Dokta, ki rubuta musu da manyan baƙaƙe cewa yarana sun fi na birni kai."

"Ban zama dokta ba tukuna, Tapani."

"To ki rubuta haka, su ba ki har biyu."

Ba ta da hayaniya. Takan zauna a bayan aji tana kallo, lokacin tara ta fita ta yi zamiya a kan ƙanƙara tare da yara tana faɗuwa suna mata dariya. Da sanyi ya kankama sai ta fara ganawa da su ɗaya bayan ɗaya. Tana da wani ɗan gidan katako da 'yan tsana, takan ce wa yaro ya nuna mata yadda ake wuni a gidansu.

A cikin yaran akwai Senni, 'yar shekara tara. Gidansu na can ƙetaren tafki inda hanya ta ƙare. Yarinya ce mai tsafta, ba ta makara, ba ta faɗa, kullum tana riƙe da hannun ƙanenta Eelis ɗan aji ɗaya. Mun san ubansu ya tafi aikin haƙar ma'adinai can arewa ya samu wata matar bai dawo ba. Mun san uwarsu Marjut ta rage fitowa. Amma a nan wurin namu mutum ya yi wata bai leƙo ba, ba abin tambaya ba ne.

Ranar da layi ya zo kan Senni, Inkeri ta dawo gida tun rana ba ta faɗi ba, ta haye sama ko takalmi ba ta cire ba. Can sai ga motar Tapani. Ya shigo kicin ɗina ba gaisuwa, ita kuma ta sauko. A gabana suka yi maganar, daga nan na ji abin da ya faru.

Senni ta ɗauki tsanar uwa ta kwantar a gado ta lulluɓe ta har kai. Tsanar yarinya ita ce ta hura murhu, ta dafa kunu, ta wanke kaya. Sai ta ɗauki 'yar ƙaramar tsana, wato Otso autansu ɗan shekara uku, ta sa shi a ɗaki ta rufe ƙofa. Da Inkeri ta tambaya, ta ce ai haka take yi kullum kafin ta taho makaranta. Tana ajiye masa burodi da madara, ta kunna masa talabijin, ta kulle shi don kada ya je wurin wuta ko ya fita bakin tafki. Mama ba ta tashi. Wani lokaci ma ba ta amsawa. Yarinyar da alfahari ta faɗi wannan duka, kamar mai nuna aikin gida da ta yi daidai.

"Na sani," in ji Tapani. "Matata na kai musu miya duk mako. Ina sa ido."

"Ka sani? Tun yaushe?"

"Inkeri, saurara. Idan kika kira mutanen kula da yara, kwashe su za su yi. Ba gidan da zai karɓi uku a tare. Raba su za a yi. Yarinyar nan don ƙannenta take numfashi."

"Kuma makarantarka ta rasa biyu."

Fuskarsa ta yi ja. Bai musa ba.

"E, ta rasa biyu. Sauran sha tara su kuma ba 'ya'yan mutane ba ne? Ki bari a gama ƙidayar ɗalibai ta bazara. Marjut za ta farfaɗo idan duhun hunturu ya wuce rana ta dawo, ba yau ta fara ba."

"Yaro ɗan shekara uku a kulle, murhu na ci, uwa ba ta motsi. Ka ce in jira bazara?"

"Ke da kika zo jiya za ki koya mana yadda ake riƙe yara?"

"Doka ta wajabta mini. Kai ma ta wajabta maka."

Ni dai ina tsaye riƙe da butar kofi na rasa wanda zan zuba wa. Inkeri ta fita tsakar gida ba rigar sanyi, ta buga wa mutanen kula da yara waya. 

Washegari motoci biyu suka ƙetare ƙauye. Da suka isa gidan su Senni, murhun ya mutu, ɗakin ya yi sanyi, Otso na zaune cikin ƙazantarsa yana kallon talabijin. Marjut ta rame har sai da aka ɗauke ta a kan gadon marasa lafiya. An ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka kwantar da ita a asibiti. Senni kuwa a makaranta aka same ta. Da ta gane abin da ake ciki sai ta rungume Eelis ta ƙi saki, sai da mutum biyu suka ɓamɓare hannunta. Abin da Tapani ya faɗa shi ya faru: yaran maza aka kai su wani gida a gari, ita kuma wani gida a wani garin daban.

Daga ranar ƙauye ya juya wa Inkeri baya. Burodi ya daina zuwa. Idan ta shiga kanti sai hira ta mutu. Mai kantin ya taɓa ce mata, yana miƙa mata canji, "Yau wa za ki yi wa wasan 'yar tsana?" Iyaye suka janye 'ya'yansu daga binciken, wasu don haushi, wasu don tsoron abin da nasu yaran za su nuna a cikin ɗan gidan nan na katako. Ba a yi nisa ba ta rasa wanda za ta gana da shi. Jami'a ta ce ta tattara ta koma, aikin ba zai kammalu ba.

Kafin ta tafi ta nemi izinin ganin Senni. Ta roƙe ni in raka ta, na bi ta. Gidan da aka ajiye yarinyar mai kyau ne, akwai ɗumi, mutanen kuma masu kirki. Senni ta yi ɗan kumari, an yi mata aski. Ta zauna a bakin kujera tana kallon ƙasa.

"Senni, na zo in ga yadda kike," in ji Inkeri.

Inkeri ta durƙusa a gabanta.

"Na san kina fushi da ni."

Sai yarinyar ta ɗago. "Otso ba ya barci sai an sosa masa baya. Kin gaya musu?"

"Zan gaya musu."

"Ni ban yi kuskure ba ko sau ɗaya. Bai taɓa ƙonewa ba."

"Na sani. Ba ki yi laifin komai ba."

"To me ya sa aka hukunta ni?"

Da wannan tambayar muka baro gidan. A hanyar dawowa Inkeri ta tsayar da mota a gefen daji ta kifa kai a kan sitiyari, ta daɗe a haka. Ban ce mata ta yi daidai ba, ban ce ta yi kuskure ba. Har yau idan na tuna murhun nan da ya mutu sai in ce gwamma da ta kira, idan na tuna fuskar Senni sai bakina ya mutu.

Da bazara aka rufe makarantar. An kira Tapani ya amsa tambayoyi a kan shirun da ya yi, daga nan ya ajiye aiki, ya daina zuwa ko taron ƙauye. Sauran yaran yanzu tun da duhun asuba suke shiga bas, ƙananan suna barci a hanya, ba sa dawowa sai duhu ya sake rufawa. Gidaje masu ƙananan yara suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ji Inkeri ta bar jami'a, tana aiki a wani ɗakin karatu can kudu.

Marjut ta warke, ko in ce ta miƙe. Ta dawo gidanta ita kaɗai, an yarda ta riƙa ziyartar yaran lokaci lokaci. Wata rana na haɗu da ita a bas muna dawowa daga gari. Ta zauna kusa da ni riƙe da leda, a ciki akwai safa ta ulu da ta saƙa.

"Sun yi wa Otso kaɗan," ta ce. "Ƙafarsa ta girma ban sani ba."

Na ce ai sai ta warware ta sake saƙawa.

"Da na shiga, bayan matar da ke riƙonsa ya ɓuya. Ya ce mata, Mama, wannan wace ce?"

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara ledar a cinyarta. Da muka iso mahaɗar tafki ta danna ƙararrawa, ta sauka, ta kama hanya a ƙafa.