Magulmaciya a Ƙarƙashin Katifa

Auta ce ta ƙera na'urar, amma Baba ne ya raɗa mata suna. Ranar da ta fara zura masa ita a ƙarƙashin katifa, tsayawa ya yi a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, yana kallonta.

"Wato yanzu ko numfashi na yi sai an kai miki rahoto?" in ji shi. "To wannan ai magulmaciya ce."

Sunan kuwa ya bi ta. Da ƙyar ma Yaya ta hana Auta rubuta shi a takardar shiga gasa.

Abin ba wani girma ne da shi ba. 'Yar shimfiɗa ce ta roba, faɗinta bai wuce na matashin kai ba, sai waya da ta haɗa ta da wani ɗan akwati. In mutum ya kwanta a kan katifar, sai ta riƙa sauraron numfashinsa tana aika sautin zuwa wayar salular mai kula da shi. In numfashin ya fara ja da baya, ta yi ƙara.

Aikin Auta gyaran na'urorin asibiti. Yayarta kuma ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙa dawowa gida da ƙorafin da ya haifi abin: ɗaki cike da majinyata, ma'aikaciya ɗaya tal, kafin ta kai gadon ƙarshe wani ya cika a gadon farko ba wanda ya ji. Mahaifinsu tsohon kafinta ne, ƙurar katako ta gama da huhunsa, don haka a kansa aka yi duk gwajin. Wata da watanni Auta tana zaune da abin sauraro a kunne, har ta haddace numfashinsa: ja mai tsawo, ɗan fito a ƙarshe kamar buta ta fara tafasa, sai ɗan tsayawa, sannan ya sake.

Da Ma'aikatar Lafiya ta sanar da gasar ƙirƙirar na'urorin lafiya, aka ce wanda ya yi nasara gwamnati za ta sa abin da ya ƙera a asibitocinta, sai suka shiga su biyu. Auta ta haɗa sabuwa mai tsabta don gasar, ta bar tsohuwar a gadon Baba. Suka tsallake tantancewa, aka kira su zagayen ƙarshe.

Da safen ranar, Yaya ta ce ita za ta zauna da Baba, don ya tashi ƙirjinsa da nauyi. Ya ce sam.

"Ni jariri ne? Ku tafi tare. Wannan in ta ga manyan mutane bakinta mutuwa yake yi, sai ta tsaya tana yi musu bayanin waya ja da waya baƙa."

A bene na sama na ma'aikatar ake yin abin. Masu gasar suna jere a kan kujeru a wani dogon lungu, kowa da kayansa a cinya, kamar masu jiran ganin likita. In aka kira mutum ya shiga, sai ƙofar ta rufe a bayansa da kanta, a hankali. Ta wata ƙofar ake fitar da su, saboda haka duk wanda ya shiga ba a sake ganinsa. Auta ta lura da hakan, ta ji ba daɗi, ba ta kuwa san dalili ba.

Da aka kira su, suka tarar da ɗaki ba taga ko ɗaya, sanyin na'urar sanyaya ɗaki kamar zai tsaga ƙashi. Alƙalai suna zaune a bayan dogon tebur. A tsakiyar ɗakin an ajiye gadon asibiti guda, da farin zanen gado ja tsaf. Auta ta zura shimfiɗar a ƙarƙashin katifa, ta haɗa akwatin da lasifika domin kowa ya ji. Yaya ta fara cire takalmi za ta kwanta.

"Bari, 'yata," in ji shugabar alƙalan. Wata tsohuwar likita ce 'yar ƙarama mai dogara sanda, kowa Farfesa yake ce mata. "Kun saba da juna, ke da abin naku. Ni zan kwanta."

Ta jingine sandar, ta hau gadon, ta miƙe. Auta ta kunna. Nan take numfashin tsohuwar ya cika ɗakin, gajere, da ɗan sauri. Alƙalan suka gyaɗa kai, wani ya yi rubutu.

"To faɗa mini," in ji Farfesa daga kwance, idonta a silin, "ana iya wanke ta? Domin a asibiti amai ne, fitsari ne, jini ne. In ba ta wankuwa, kwandon shara za ta ƙare."

Auta ta buɗe baki za ta amsa, sai kunnenta ya kama wani abu. Tsohuwar tana ta magana, amma lasifika tana jan numfashi mai tsawo, a hankali, ba yankewa. Ai mai magana ba ya jan numfashi haka.

Farfesa ma ta ji. Ta yi shiru, ta riƙe numfashinta da gangan, kumatunta suka kumbura. Lasifika ta ja, ta saki. Tsohuwar ta tashi zaune, ta sauko, ta ɗauki sandarta ta koma gefe. Gado ba kowa, sai ɗan lotsawar da jikinta ya bari. Lasifika ta sake ja, ta saki.

"Wannan ai naɗaɗɗen sauti ne," in ji wani alƙali mai tabarau. "Kun sa mana rikodi ne?"

"Wallahi a'a, ranka ya daɗe," in ji Auta. Ta durƙusa ta zaro shimfiɗar daga ƙarƙashin katifa, ta ɗaga ta sama a hannunta, ba abin da ke taɓa ta sai iska. Numfashin bai fasa ba. Ja mai tsawo. Sai ga ɗan fito a ƙarshe. Sai tsayawa.

Yaya ta damƙi hannunta har farce ya shiga.

"Auta," ta ce can ƙasa, "Baba ne."

Auta ta riga ta sani. Ƙwaƙwalwarta ta yi maza ta nemo mata dalili: tsohuwar na'urar tana gida a gadonsa, ƙila saƙon nata ne ya haɗu da na wannan. Zai iya faruwa, ta gaya wa kanta, dole ma haka ne. Sai dai tsayawar da ke bayan fiton ta fara tsawo. Ɗakin kaf ya yi tsit ana jiran jan gaba, in ya zo a ji kamar an sauke wa kowa dutse, sannan a sake jira, jiran ya fi na baya. Can akwatin ya ɗauki ƙara.

Yaya ta kira wayar Baba. Tana ta shiga, ba a ɗauka.

"Mahaifinmu ne," in ji Auta. "Shi kaɗai ne a gida."

Mai kula da lokaci ya fara tuna musu cewa a ƙa'idar gasa duk wanda ya fita bai kammala ba ya janye. Farfesa ta ɗaga masa sanda ba ta ko dube shi ba.

"Me kuke jira?" ta ce. "Ku je!"

Suka bar komai a nan. Har ƙofar ta rufe a bayansu ƙarar tana tashi.

Rana ta take, hanya cike da motoci. A cikin tasi Auta ta duba wayarta don ta ci gaba da sauraronsa, sai ta ga alamar na'urar gida a kashe take. Ta kife wayar a cinya, ba ta faɗa wa Yaya ba. Direba ya ga fuskokinsu a madubi, bai tambaye su komai ba, ya saki babban titi ya riƙa kutsawa ta lunguna.

Suna shiga suka faɗa ɗakinsa. Gado a gyare, ba kowa. Auta ta tsaya turus tana kallon gadon. Yaya ce ta zarce bayan gida, sai ihunta aka ji.

Yana cikin rumfar aikinsa, wadda suka hana shi shiga tun da ciwon ya yi tsanani. Kwance yake a kan gefensa cikin ɓawon katako, leɓɓansa sun yi duhu, maganin shaƙarsa ya gangara can ƙarƙashin benci inda hannu ba ya kaiwa. Yaya ta zama wata daban. Ta tada shi zaune ta jingina shi da ƙirjinta, ta ce Auta ta rarrafa ta ɗauko maganin, ta shaƙa masa, tana kiran sunansa na yanka wanda ba su taɓa furtawa a gabansa ba. Direban ya shigo ya kama ƙafa, suka ɗauke shi sai asibiti.

Likitan da ya karɓe shi ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan, da wani zancen ake yi.

Da yamma, bayan an sa masa iska ya samu barci, Auta ta koma gida ɗebo masa kaya. Ta ɗaga katifarsa. Ba komai sai katakon gado. Da ta buɗe durowa za ta ɗauki riga, ta ga na'urar a ciki, an naɗe shimfiɗar tsaf, an kanannaɗe wayar yadda kafinta ke naɗe igiya, an ciro batirin an ajiye a gefe. Ta zauna a bakin gado. Gidan shiru, har tana jin ɗigar famfo a tsakar gida. Da ta miƙe ba ta yarda ta ba durowar baya ba har ta fita.

Washegari Baba ya farfaɗo sosai. Da ta tambaye shi, bai ko yi musu ba.

"Kuna fita na cire ta," ya ce, yana magana ɗaya-ɗaya. "Ƙafar kujera ce ta karye nake so in gyara. In na bar ta, ai sai ta tona mini asiri cewa na bar gado." Ya huta, ya dube su. "Ni kuwa wace ce tsohuwar nan?"

"Wace tsohuwa, Baba?" in ji Yaya.

"Mai tambayar ko ana wanke abin. Ina kwance a rumfa, sai na ji wani irin sanyi ya rufe ni, sai muryarta a kaina, wai amai ne, fitsari ne. Na ce oh, ashe haka mutuwa take zuwa, da tambayoyin banza."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ba wadda ta taya shi a cikinsu. Ba su gaya masa komai game da abin da ya faru a ɗakin gasar ba, babu kuma wanda ya ziyarce shi tukuna.

Kyautar ta tafi ga wasu da suka ƙera akwatin sanyaya allurar rigakafi. Injiniyoyin ma'aikatar suka kwance na'urar Auta gaba ɗaya suna neman rikodi ko wata dabara, ba su samu ba, ba su kuma ga inda ta lalace ba. Bayan an sallami Baba, Farfesa da kanta ta kawo kayan har wurin aikin Auta. Ta zauna a kan wani tsohon keken majinyata da ke jiran gyara, ta ɗora haɓa a kan sandarta.

"A rahotona na rubuta cewa ba a kammala gwaji ba," ta ce. "Iyakar abin da zan iya sa wa hannu ke nan. Amma ke zan faɗa miki. Tun kafin sautin ya canza a lasifika, bayana ya ji. Katifar tana ɗagawa da ni tana sauka, kamar na kwanta a kan ƙirjin mutum."

Auta ta ce, "Ban san yadda aka yi ba, Farfesa. Na bi kowace waya."

"Ban tambaye ki ba, 'yata. Na daɗe a aikin nan, na ga abubuwan da na bar wa cikina. Ina da ɗakin jinya na tsofaffi, ma'aikatana sun yi kaɗan. Za ki kawo mini ita mu gwada?"

Ta kai. Na'urar ta yi aikinta yadda aka ƙera ta, ba ƙari ba ragi, har ma'aikatan suka riƙa faɗa a kan gadon da za a fara sa wa. Daga baya aka sa ta ƙera wa kowane gado tasa. Baba ya ƙara shekaru a duniya, kujerar ma sai da ya gyara ta. Ba a sake jin numfashin wani a inda ba ya nan ba.

Duk da haka akwai abu ɗaya da Auta ba ta yarda da shi. Ranar da take haɗa ta ƙarshe a ɗakin, wata sabuwar ma'aikaciya ta miƙa hannu za ta kunna don ta ji ko tana aiki. Auta ta riƙe mata hannu.

"Bari sai an kawo mai gadon," ta ce.

"Ai gwadawa kawai zan yi, Anti. Ba kowa a kai."

"Shi ya sa," in ji Auta. Ta zare batirin ta sa a aljihu, suka zauna suna jira.